Fashin Baƙi: Shin Ɗaukewar Al'ada da Wuri Gadonta Ake Yi?

Idan jinin al'adar uwa ya ɗauke tana da shekara 39, 'yarta ma ta sa ran haka ke nan? Tambayar tsohuwa ce, amma ta sake tasowa a 2024, bayan da aka wallafa wasu manyan bincike guda biyu, kafafen labarai suka yi ta buga kanu cewa an gano ƙwayar halittar da ke sa mace ta daina al'ada da wuri. Wanda ya tsaya a kanun zai ɗauka ƙwaya ɗaya ce tak: a ɗebi jini, a duba, a ce akwai ko babu. Abin ya wuce nan. Gado yana da hannu, hannu babba ma, sai dai ta hanyoyi uku yake shigowa, kowace da irin nauyinta. Cakuɗa su ne ke sa wata ta tayar da hankalinta a banza, wata kuma ta miƙe ƙafa alhali ita ce ya kamata a ce ta daɗe da ganin likita.

## Yaushe ake cewa "da wuri"?

Likitoci ba sa cewa al'ada ta ɗauke sai mace ta yi wata 12 cur ba ta ga jini ba, kuma ba ciki ko shayarwa ko wani magani ne ya jawo ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yawancin mata tsakanin shekara 45 da 55 suke kaiwa nan. A Turai da Amurka matsakaicin yana wajen 51. Wadda tata ta ɗauke tsakanin 40 da 45, ita ake cewa ta yi da wuri. Wadda kuwa abin ya same ta kafin 40, nata ya wuce sauri, ya zama lalura mai zaman kanta: gazawar gidan ƙwai kafin lokaci, wadda likitoci ke taƙaitawa da POI. An daɗe ana cewa mace 1 cikin 100 take samu, adadin da ya fito daga wani bincike na 1986 a Amurka. Alƙaluman baya-bayan nan da aka tattaro daga ƙasashe da dama sun kai shi wajen 3 zuwa 4 cikin 100.

## Rumbun da sau ɗaya ake cikawa

Namiji yana samar da sabon maniyyi kullum har tsufansa. Mace kuwa da ƙwanta ake haihuwarta. Tun tana cikin mahaifiyarta, wajen mako na 20, gidajen ƙwanta biyu suna ɗauke da ƙwai miliyan 6 zuwa 7. Ranar da ta faɗo duniya sun koma miliyan 1 zuwa 2, lokacin balaga kuma saura 300,000 zuwa 400,000. Waɗanda za su nuna har su fito a tsawon rayuwarta ba su wuce 400 zuwa 500 ba. Sauran fa? Narkewa suke yi a hankali, dare da rana, ko tana da ciki, ko tana shan maganin tsarin iyali, ko ba ta taɓa aure ba. Idan suka rage wajen 1,000, al'ada sai ta tsaya, sinadarin istrojin da gidan ƙwai ke samarwa kuma ya yi ƙasa.

Kamar rumbu ne da aka cika sau ɗaya aka ce ya kai mai shi shekara 50. Abu biyu ne zai sa ya ƙare da wuri: ko tun farko bai cika ba, ko kuma yana zuba. Kusan duk ƙwayoyin halittar da za a ambata a ƙasa ɗaya daga cikin biyun nan suke taɓawa, kuma mafi yawansu ɓangaren zubar suke.

## Rabon gado nawa ne?

Masu iya magana sun ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. A wannan fage karin maganar ta faɗi rabin gaskiya, kusan rabi cif. Binciken da aka yi kan tagwaye da kan iyaye mata da 'ya'yansu a Birtaniya, Holan, Ostareliya da Amurka ya nuna cewa wajen rabin bambancin da ke tsakanin mata a shekarun ɗaukewar al'ada daga ƙwayoyin halitta yake. A lura: wannan ba ya nufin cewa 'yar wadda ta daina da wuri tana da kashi 50 cikin 100 na bin sahu. Magana ce kan jama'a gaba ɗaya, ba hukunci kan mace ɗaya ba.

Akwai wani bincike na 1995 a Amurka da ya fi kawo abin kusa. A cikin matan da al'adarsu ta ɗauke da wuri, kashi 37.5 cikin 100 sun ce akwai uwa, ko 'yar uwa, ko kaka, ko inna ko gwaggo da ta daina kafin shekara 46. A cikin sauran mata kashi 9 ne kawai suka faɗi haka. Haɗarin ya ninka kusan sau shida ke nan. Amma a juya adadin ta ɗaya gefen: fiye da kashi 60 na waɗanda abin ya sama ba su san kowa a danginsu da irinsa ba. Tarihin dangi yana ƙara haɗari, rashinsa kuma ba garkuwa ba ne.

Wani abin da ake mantawa shi ne ɓangaren uba. Rabin ƙwayoyin halittar mace daga mahaifinta suke, kuma shi ba ya al'ada balle a ga alama a jikinsa. Shi ya sa labarin gwaggo da kakar wajen uba yake da nauyi daidai da na dangin uwa, wani lokaci ma fiye.

## Hanya ta farko: idan kuromosom X ya samu naƙasu

Ƙwayoyin halittar ɗan Adam a ƙunshe suke cikin ɗauri 46 da ake kira kuromosom. Mace tana da X guda biyu, kuma gidan ƙwai yana buƙatar duka biyun lafiya lau don ya riƙe abin da ke cikinsa. Idan ɗaya ya ɓace ko ya gutsure, sai a samu lalurar Turner, mai sunan likitan Amurka Henry Turner da ya bayyana ta a 1938. Tana samun yarinya 1 cikin kusan 2,500. Ƙwan yana samuwa da farko, sai dai yana narkewa da gaggawa, har ya zama da yawa daga cikin yaran ba sa fara al'ada ko kaɗan. Gajarta ita ce alamar da aka fi gani. Akwai kuma waɗanda wasu sassan jikinsu ne kawai suka rasa X ɗin. Irinsu sukan balaga, su yi al'ada na wasu shekaru, sai ta ɗauke suna da 25 ko 30, a lokacin ne ma ake gano dalilin.

Matsalolin kuromosom suna bayan kusan kashi 10 zuwa 12 na masu POI. Amma Turner, duk da a ƙwayar halitta take, galibi ba gadonta ake yi ba. Kuskure ne da ke faruwa lokacin da ƙwai ko maniyyi ke samuwa, ko a farkon rabuwar ɗan tayi. Ba laifin uwa ba ne, ba na uba ba ne, kuma ƙannenta ba su cikin wani haɗari na musamman.

## Hanya ta biyu: ƙwaya ɗaya mai ƙarfi

A nan ne gado na haƙiƙa yake, kuma wadda ta fi cancantar a tsaya a kanta ita ce FMR1, da aka gano a 1991. Ita ma a kan X take. A farkonta akwai haruffa uku na DNA (sinadarin da ake rubuta saƙon gado da shi), CGG, da ke maimaituwa. A yawancin mutane maimaicin bai wuce 44 ba. Idan ya haura 200, ƙwayar sai ta daina aiki, a samu lalurar Fragile X, wadda ita ce kan gaba a cikin sanadin tawayar ƙwaƙwalwa da ake gada, kuma ta fi tsanani a yara maza. Tsakanin 55 da 200 kuwa, mutum lafiyarsa ƙalau a ido, sai dai yana ɗauke da abin. Mace 1 cikin 150 zuwa 300 tana wannan rukuni, kuma kusan kashi 20 cikin 100 nasu al'adarsu na ɗaukewa kafin 40.

Abin mamakin shi ne haɗarin ba ya tafiya da yawan maimaicin kai tsaye. Ya fi yawa a masu 80 zuwa 100, sai ya ragu, waɗanda suka haura 200 kuma gidan ƙwansu bai cika samun matsala ba. Bayanin da masana suka fi karkata gare shi shi ne: a matsakaicin mataki ƙwayar ba ta mutu ba, aiki take yi fiye da ƙima, tana fitar da saƙon da ya yi yawa har ya zama guba ga ƙwan. Idan ta mutu ɗungurungum, gubar ta tsaya, matsalar ta koma wani wuri.

A ɗauki wani gida a misali. Dattijo ya haura 60, hannunsa ya fara rawa, tafiyarsa ta zama ta tangaɗi, kowa ya ce tsufa ne. 'Yarsa ta fari al'adarta ta rikice tana da 34, ta ɗauke a 37, aka ce damuwa ce. Ɗan ƙanwarta ya kai shekara huɗu bai iya magana sosai ba. Mutum uku, likita uku, kowane da nasa kati, alhali abu ɗaya ne. Uban da ke ɗauke da maimaicin yana ba wa dukkan 'ya'yansa mata, ba ya ba wa namiji ko ɗaya, domin namiji kuromosom Y yake karɓa daga uba, ba X ba. Uwa kuwa kowane cikinta rabi da rabi ne, kuma a hannunta ne maimaicin ke iya tsawaita ya haura 200. Shi ya sa ake gwada FMR1 ga duk wadda aka tabbatar tana da POI ba tare da wani dalili bayyananne ba: sakamakon ba nata ba ne ita kaɗai.

Sauran ƙwayoyin wannan rukuni ba su kai FMR1 yawa ba. Akwai GALT, wadda lalacewarta ke hana jariri sarrafa sukarin da ke cikin nono. Fiye da kashi 80 na matan da ke da wannan cuta suna samun POI ko da an kiyaye musu abin da suke ci tun suna jarirai. Akwai FOXL2, da ke zuwa da ƙanƙancewar ido da saukowar fatarsa. A Finlan an gano a 1995 wasu mata da ƙwansu ke nan amma ba ya amsa kiran sinadarin FSH da ƙwaƙwalwa ke aikowa don ya nuna. Wasu ƙwayoyin, irin su STAG3 da MCM8, sai an gaji lalataccen kwafi daga uwa da uba duka sannan lalurar ke fitowa, don haka an fi ganinsu inda iyayen jininsu ɗaya.

Ɗaya daga cikin darussan ma daga garken tumaki ya fito. A Nuzilan an lura da wani jinsin tumaki da ake kira Inverdale: tunkiyar da ta gaji kwafi ɗaya na wani canji tana yawan haifar tagwaye, wadda ta gaji biyu kuwa juya ce, gidan ƙwanta a shanye. A 2000 aka gano ƙwayar BMP15 ce, daga baya aka samu canje-canjenta a wasu mata masu POI.

Sai dai a nan akwai buƙatar taka burki. An jera ƙwayoyi da dama a matsayin "sanadin POI" saboda an gan su a mata marasa lafiya, ba tare da an duba ko suna jikin masu lafiya ba. A 2023 wasu masu bincike suka duba mata fiye da 104,000 a rumbun bayanan UK Biobank na Birtaniya, suka tarar cewa kashi 99.9 na lalatattun kwafin waɗannan ƙwayoyi, waɗanda aka ce kwafi ɗaya ya isa ya jawo cutar, a jikin matan da suka yi al'adarsu lafiya suke. A shekarar dai, wani bincike a Sin kan mata 1,030 masu POI ya samu dalilin ƙwayar halitta a kashi 23.5 kawai. A ganina, duk wadda aka miƙa wa takardar gwaji aka ce an ga "canji" a wata ƙwaya, tana da haƙƙin ta tambaya: mata nawa ne ke da wannan canjin kuma ba abin da ya same su?

## Hanya ta uku: ƙanana ɗaruruwa

Yawancin matan da suka daina a 42 ko 43 ba su da Turner, ba su da FMR1, ba su da wata ƙwaya ɗaya da za a nuna da yatsa. Abin da suka gada tarin ƙananan bambance-bambance ne, kowane yana matsar da lokacin da 'yan makonni ko watanni. A 2021 mujallar Nature ta wallafa binciken da ya duba mata kusan 200,000 'yan asalin Turai, aka gano wurare 290 a cikin DNA da ke da alaƙa da shekarun ɗaukewar al'ada.

Mutum zai yi zaton ƙwayoyin da ke kula da sinadaran haihuwa ne za su cika jerin. Sai ga shi kaso mai yawa masu aikin gyaran DNA ne. Idan aka yi tunani, abin ya yi ma'ana: ƙwan da zai fito mace tana da 40 ya shekara 40 yana jira, kuma a tsawon wannan jira DNA ɗinsa na samun tsagewa. Jiki ko dai ya gyara, ko ya kashe ƙwan. Wadda gyaranta ke da rauni za ta yi asarar ƙwai da sauri.

Ƙwayar CHEK2 ta nuna wani ɓangare na abin da ba a cika faɗa ba. Aikinta shi ne ba da umarnin kashe duk tantanin da ya lalace. Matan da CHEK2 ɗinsu ba ta aiki sosai sukan ƙara kusan shekara 3.5 kafin al'ada ta ɗauke, domin ƙwan da ya kamata a kawar yana tsira. Amma wannan sassauci bai tsaya a gidan ƙwai ba, kuma lalacewar CHEK2 sananniya ce wajen ƙara haɗarin sankarar mama. Binciken na 2021 ya kuma nuna cewa jinkirin ɗaukewar al'ada yana taimakon ƙashi, yana rage haɗarin ciwon suga, amma yana ƙara na sankarar mama da ta mahaifa da ta gidan ƙwai. Masu mafarkin maganin da zai tsawaita shekarun haihuwa sai sun fara warware wannan ƙulli.

Binciken 2024 da suka jawo kanun labaran suna tsakanin hanya ta biyu da ta uku. Ɗaya, daga UK Biobank, ya gano cewa lalacewar ƙwayar ZNF518A na gaggauta ɗaukewar da kusan shekara biyar da rabi. Ɗayan, na kamfanin deCODE da ke Aisalan, ya duba mata fiye da 174,000, ya gano cewa wadda ta gaji lalataccen kwafin CCDC201 daga iyaye biyu tana dainawa shekara 9 kafin sa'o'inta. Babban tasiri ne, amma mace 1 cikin 10,000 ke da shi a arewacin Turai.

## To, kowa ta je ta yi gwaji?

Masu goyon baya suna cewa a haɗa ƙananan bambance-bambancen nan a fitar wa kowace mace da maki tun tana budurwa. Hujjarsu ita ce, a binciken 2021, matan da ke cikin kashi 1 mafi muni na makin haɗarinsu ya kai na masu ɗauke da FMR1. Masu adawa kuma suna nuna cewa wurare 290 ɗin duka ba su bayyana fiye da kashi 10 da 'yar ɗoriya na bambancin ba, kuma mafi yawan waɗanda makin zai tsorata ba za su samu POI ba. Ga kuma batun asali: makin da aka gina da bayanan Turawa yana rasa ƙarfinsa idan aka ɗora shi kan wasu al'ummu, musamman 'yan asalin Afirka, waɗanda DNA ɗinsu ya fi na kowa yawan bambanci. Ni dai ina ganin masu adawa sun fi hujja a yanzu. Gwajin AMH ma, da ake tallatawa a matsayin ma'aunin sauran ƙwai, yana da amfani wajen shirya dashen ciki, amma ba ya iya faɗa wa matashiya shekarar da al'adarta za ta tsaya.

Abin da ƙungiyar likitocin haihuwa ta Turai, ESHRE, ta tsayar a ƙa'idojinta na 2024 ya fi sauƙi. Mace 'yar ƙasa da 40 da al'adarta ta rikice ko ta ɗauke na wata huɗu, a auna mata FSH. Idan ya haura 25, an kama hanya. Daga nan sai a duba kuromosom, a gwada FMR1, a bincika ko garkuwar jiki ce ke kai wa gidan ƙwai hari, domin hakan na zuwa tare da cutar Addison (gazawar wani ƙulli da ke saman ƙoda) ko matsalar maƙoƙo. Kafin a kai ga duk wannan, tambayar uwa da yayye da gwaggo shekarar da tasu ta ɗauke tana ba da haske mai yawa, kuma ba a ɗibar jini.

## Rabin da ba gado ba

Shan taba yana gaggauta ɗaukewar da shekara 1 zuwa 2, kuma shi ne babban abin da ke hannun mace. Magungunan sankara masu ƙarfi da gashin haske a ƙugu suna kashe ƙwai, haka ma tiyatar da ta taɓa gidan ƙwai. Maganin tsarin iyali kuwa ba ya ƙarar da ƙwai, ba ya kuma adana shi; abin da yake iya yi shi ne ɓoye alamun, domin jinin da ake gani a kansa ba shaida ba ne cewa gidan ƙwai na aiki.

## Abin da ke biyo baya

Haihuwa takan yi wuya ƙwarai kusan shekara 10 kafin al'ada ta ɗauke. Ke nan wadda za ta daina a 42, tun tana 32 damarta ta riga ta ja da baya sosai, alhali jininta na zuwa wata-wata. Nan ne sanin tarihin dangi ke da amfani: mace ta tsara lokacin haihuwarta da ido buɗe, ko ta tattauna da likita kan daskarar da ƙwai idan da hali. Bayan an tabbatar da POI kuma ƙofar ba ta rufe ruf ba. Gidan ƙwai yakan farfaɗo jefi-jefi, kuma kashi 5 zuwa 10 na matan sukan samu ciki ba tare da wani taimako ba, ko da yake har yau babu maganin da aka tabbatar yana ƙara wannan adadi.

Amma hankali yakan tafi kan haihuwa a manta da sauran jiki. Istrojin yana riƙe ƙashi, yana kare jijiyoyin jini. Wadda ta rasa shi a 35 za ta yi shekara 15 babu abin da sa'o'inta ke da shi, kuma hakan na ƙara haɗarin zaizayewar ƙashi da ciwon zuciya, ban da zafin jiki mai tasowa kwatsam, zufar dare, bushewar gaba da rashin barci. Shi ya sa ake ba da shawarar maye gurbin sinadarin har mace ta kai wajen 51, ko da alamun ba su dame ta ba. Da yawa suna gudun wannan magani saboda tsoron da wani babban binciken Amurka kan irin wannan magani, mai suna WHI, ya jefa a 2002, amma matan da aka yi wancan bincike a kansu matsakaicin shekarunsu 63 ne. 'Yar 35 mayar mata da abin da ya kamata a ce jikinta na samarwa ake yi. Wadda ta taɓa yin sankarar mama, ko jini ya taɓa daskare mata a jijiya, ita ce sai likita ya auna lamarinta daban. Wadda mahaifarta ke nan kuma dole a haɗa mata da sinadarin furojestaron don kare bangon mahaifar. Maganin ba ya hana ɗaukar ciki, don haka wadda ba ta shirya haihuwa ba tana buƙatar wata kariyar a gefe.